Yadda ake ziyarar Yiheyuan, fadar shan iska ta sarakunan Chaina

Duk wanda harka ta kai shi Beijing, ko karatu ko taro ko kuma ɗan kasuwa ne da ya gama sari a Guangzhou ya ce bari ya leƙa babban birni kafin ya juyo gida, to wurare uku za a lissafo masa: Babbar Ganuwa, da tsohuwar fadar da ke tsakiyar gari, sai Yiheyuan. Na ukun nan shi ne mutanenmu suka fi ɓata wa kansu, domin sai a bar shi ranar ƙarshe, a shiga da azahar a gajiye, a bi ayarin masu tuta, wato 'yan yawon buɗe ido da jagoransu ke ɗaga tuta a gaba, ana ture-ture, a ɗauki hoto biyar a fito ana cewa "ashe ruwa ne kawai da tsofaffin gine-gine". Ni ma zuwana na farko haka na yi, sai da na koma na gane cewa laifin ƙofar da na shiga ne da lokacin da na zaɓa.

Bari in fara da abin da wurin yake, don ka san me za ka je gani. Kamar dai yadda sarakunan Kano suke da gidaje a Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa bayan babban gidan da ke cikin birni, haka sarakunan daular Qing suke da lambuna a arewa maso yammacin Beijing inda suke gudun zafin cikin gari. Yiheyuan yana gundumar Haidian, kusan kilomita 15 daga tsakiyar birni, faɗinsa ya kai hekta 290, kuma kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne, tafkin da ake kira Kunming. A arewacin tafkin akwai tudu mai tsawon kusan mita 60, sunansa Wanshou, ma'ana tudun tsawon rai. Sarki Qianlong ne ya fara aikin a 1750 don murnar cikar mahaifiyarsa shekara 60, aka faɗaɗa tafkin da hannu, ƙasar da aka haƙo aka jibge ta a kan tudun. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka banka masa wuta, sai Cixi, wadda a wajenmu za a ce mata Mai Babban Ɗaki, ta sa aka sake gina shi, aka raɗa masa sunan Yiheyuan a 1888. A 1900 sojojin ƙasashe takwas suka sake yi masa ɓarna aka kuma gyara. UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1998. Shi ke nan, wannan ya ishe ka guzuri, sauran labarin zan ba ka a inda ya faru.

Mataki na farko, zaɓen rana

Kada ka je ranar Litinin. Lambun kansa a buɗe yake, amma wuraren ciki da ake biya daban, wato hasumiyar da ke kan tudu da gidan wasan kwaikwayo da ɗakin ajiye kayan tarihi, ana rufe su ranar Litinin sai dai in hutu ya faɗo a kai. Kada kuma ka je makon farko na Oktoba ko kwanakin farkon Mayu, lokacin hutun ƙasa ne, kuma cinkoson da za ka gani sai ka ɗauka Kantin Kwari ce ana saura kwana biyu Sallah, ko hannunka ba za ka iya ɗagawa ka ɗauki hoto ba balle ka ji daɗin wani iska. Talata zuwa Alhamis sun fi. Juma'a kuma ka bar ta don masallaci.

A wata kuwa, Afrilu zuwa tsakiyar Mayu da kuma Satumba zuwa ƙarshen Oktoba su ne lokacin da jiki ke jin daɗi. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi da ruwan sama, duk da cewa a lokacin ne furen bado irin nasu yake buɗewa a kan ruwa. Disamba da Janairu kuwa sanyin ba irin hunturunmu ba ne da za ka ɗora suwaita a kan kaftani ka ce ka shirya, tafkin gaba ɗaya ƙanƙara yake zama har mutane su hau suna sulɓi a kai da 'yan kujeru masu ƙarfe a ƙasa. In a lokacin ka zo, ka nemi babbar jaket da safar hannu da hular da ke rufe kunne, kuma ka sani ba jirgin ruwa, duk inda za ka da ƙafa ne.

Sai tikiti

Iri biyu ne. Akwai na shiga kawai, akwai kuma na haɗaka wanda ya ƙunshi wuraren cikin. Daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba na shiga yuwan 30 ne, na haɗaka 60. Daga Nuwamba zuwa Maris 20 ne da 50. Ka duba kafin ka tafi don farashi abu ne mai motsi, amma ko nawa ne ka sayi na haɗakar, wanda ya biya kuɗin jirgi tun daga Kano ko Yamai ba yuwan 30 ce za ta talauta shi ba, kuma takaici ne ka hau tudu har ƙofar hasumiya a ce maka tikitinka bai kai nan ba.

Fasfo ɗinka shi ne komai, kada ka bar shi a otal. Da lambarsa ake sayar maka da tikitin, shi kuma za ka nuna a ƙofa. 'Yan ƙasa ta cikin manhajar WeChat suke saya tun kafin ranar, kai ma za ka iya in akwai wanda zai taya ka karanta rubutun, ka roƙi ma'aikacin otal ya yi maka da daddare, minti biyar ne. In ba ka samu ba ka je tagar sayar da tikiti da fasfon. Kuɗi kuma, a Chaina yanzu kusan komai da waya ake biya, Alipay ko WeChat, duka biyun suna karɓar katin banki na waje, sai dai ka haɗa ka gwada tun a masauki da sayen ruwan gora, kada ka bari sai kana gaban layi mutum ɗari suna bayanka. Ka riƙe 'yan takardun yuwan a aljihu saboda tsaro.

Wani abu, taswirar Google ba ta aiki yadda ya kamata a can. Ka sauke Amap ko taswirar Baidu, masu iPhone kuma taswirar wayarsu tana yi. Ka kuma sa a rubuta maka sunan wurin da rubutunsu a wayarka. Dalili shi ne akwai wani lambu kusa da shi mai suna Yuanmingyuan, wanda da Turanci sunayensu kusan ɗaya ne, shi ma an ƙona shi a 1860 amma ba a sake gina shi ba, kango ne da tarkacen duwatsu. Yana da nasa tarihin, amma ba shi ka fito nema ba, kuma na san mutumin da ya yini a can yana neman jirgin dutsen da ke Yiheyuan har yamma.

Kayan da za ka ɗauka

Takalmi shi ne na farko. Kambas, ba sau-ciki mai santsi ba, ba kuma silifas ba, domin za ka yi tafiyar da ta kai kilomita shida ko bakwai ba ka sani ba, da matattakalar dutse da ƙafafun mutane suka goge ta yi sulɓi. Babbar riga ka bar ta a jaka, in kana son hoto da kayan gida ka sa kaftani mai sauƙi da hula. Hajiya kuma ki lura da tsawon abaya a kan matattakala, ki riƙe ta sosai wajen saukowa. Ruwan sha, tishu, da wata gora daban da za ta zame maka buta, don banɗakunansu na tsuguno ne kamar na gida amma ba ruwan tsarki, wani wurin ma ba tishun. Ƙaramar darduma mai naɗewa. Fawa bank. Da abin taɓawa, dabino ko biskit ko dafaffen ƙwai, zan faɗi dalili a gaba.

Mataki na gaba, kuma shi ne wanda ya fi komai: ta wace ƙofa

Yawancin motocin 'yan yawon buɗe ido ƙofar gabas suke sauke mutane, can ne fadar take, can ne kuma cinkoson yake tun safe. Kai ka yi akasin haka. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4, ka sauka a tashar Beigongmen, ma'anar sunan ma ƙofar fada ta arewa, tafiyar 'yan mintuna ce daga tashar zuwa ƙofar. A tasha za a saka jakarka a na'ura, kada ka damu, kowa ake yi wa. Lambun yana buɗewa tun ƙarfe 6 na safe a lokacin zafi, amma wuraren ciki sai wajen ƙarfe 8, don haka ka yi ƙoƙari bakwai da rabi ta yi maka a ƙofa.

Amfanin ƙofar arewa shi ne za ka hau tudun ta bayansa da sanyin safiya lokacin da ƙarfinka yake, ta inda bishiyoyi suka yi inuwa, sannan ka sauko ta gaba kana fuskantar tafkin, maimakon ka hau matattakalar gaba da rana tsaka kana haki kana ba wa ruwan baya. Wallahi bambancin ba kaɗan ba ne.

Da ka shiga za ka tsallaka wata gada, a ƙarƙashinta akwai 'yar kasuwa a bakin ruwa da ake kira titin Suzhou. Qianlong ne ya sa aka kwaikwayi kasuwar garin Suzhou da ke kudu, bayin fada da kuyangi su yi shigar 'yan kasuwa, sarki da matansa su zo suna "ciniki", mulki kenan, ka gina kasuwa don kawai ka ɗanɗana yadda talaka yake taya kaya. Wadda ke nan yanzu sake gini ce ta baya-bayan nan. Ka leƙa ta daga kan gada ka wuce, in ka sauka kuma da yara ka riƙe hannunsu, hanyar siririya ce kuma ba shinge tsakaninta da ruwa.

Daga nan sai hawa. Za ka bi ta cikin wasu gine-gine ja da fari masu fasalin gidajen ibadar Tibet, ka bi matattakala da duwatsu a hankali, ba tsere ake ba. A can ƙoli akwai wani gini da aka lulluɓe da tayil mai ƙyalli rawaya da kore, jikinsa cike da ƙananan siffofin Buda, kuma ba a sa katako a gininsa ba, shi ya sa wutar 1860 ba ta cinye shi ba. Wuraren nan na ibadar addinin Buda ne tun asali, za ka ga wasu suna rusunawa, kai dai kallon gini ya kawo ka, ka ba su hanya kawai.

Hasumiya, inda ya kamata ka daɗe

Ƙasa kaɗan da ƙolin ita ce Foxiangge, hasumiyar da kake gani a duk hoton wurin, mai kusurwa takwas, tsawonta mita 41, tana zaune a kan dandamalin dutse mai kusan mita 20. In ka tarar ƙofar da ke sama a buɗe ka nuna tikitin haɗakarka ka shiga, in a rufe take ka gangara ta gefe ka shigo ta ƙasa. Ka zagaya gabanta ka tsaya a baranda.

Nan ne za ka gane me aka gina. Ka ba wa wurin minti ashirin, ka ajiye waya tukuna. A ƙarƙashinka rufin fada ne masu rawayan tayil jere ɗaya bayan ɗaya har bakin ruwa, rawaya launin sarki ne, ba kowa ke da ikon rufa gidansa da shi ba. Gaba kuma tafkin ne shimfiɗe, da tsibiri, da doguwar gada fara ta hagu. Sai ka duba dama, can nesa za ka hango wata siririyar hasumiya a kan tudu da jerin duwatsu shuɗaye a bayanta, za ka rantse cikin lambun suke, alhali suna waje can nesa, tudun Yuquan ne da duwatsun yamma. Da gangan masu tsarin suka dasa bishiyoyi suka ɓoye katangar yamma don idonka ya wuce ba tare da ya ci karo da iyaka ba, su da kansu suna kiran dabarar aron kallo. Ka ari dutsen da ba naka ba ka ƙawata gidanka da shi. Ni a duk abin da ke Yiheyuan wannan ya fi burge ni, fiye da zinare da sassaƙa.

Kafin ka sauka ka nemi wata 'yar rumfa ta yamma da hasumiyar, za ka ɗauka katako ce da ta tsufa ta yi kore, amma tagulla ce zalla tun daga ginshiƙi har rufi, nauyinta tan 207. Sai ka bi matattakala ka sauko ta zauren Paiyun, inda ake yi wa Cixi bikin zagayowar ranar haihuwa, har ka fito bakin ruwa.

Doguwar baranda da jirgin da ba ya tafiya

Yanzu kana tsakiyar doguwar barandar nan da ta yi suna, mita 728 daga wannan kai zuwa wancan, rufaffiya, tana bin gaɓar tafki. An yi ta ne don uwar sarki ta yi yawo ba rana ba ruwan sama. Ka ɗaga kai, kowane katako na rufin da zane a jiki, sun haura 14,000, tsuntsaye, furanni, yaƙe-yaƙe, da labaran tatsuniyoyinsu. Ba mai iya kallonsu duka, wuya ma ba za ta bari ba, ka zaɓi wuri ɗaya ka zauna a kan dakalin gefe ka kalli goma da kyau. In cikin ya cika da mutane, kuma zai cika daga ƙarfe goma, ka fito ka bi ta gefen ruwa.

Ka yi dama, wato yamma, har ƙarshen barandar, za ka tarar da jirgin dutse. Tsawonsa mita 36, gindinsa dutse ne, saman kuma katako ne da aka yi wa fenti ya yi kama da mabul. Na farkon Qianlong ne ya yi shi a 1755, wutar ta cinye samansa, a 1893 aka sake shi har da ƙafafun juyawa na dutse a gefe irin na jiragen Turawa na zamanin. Abin da ya sa mutane ke tsayawa suna girgiza kai a nan shi ne labarin da aka daɗe ana bayarwa cewa wani ɓangare na kuɗin sake gina lambun daga asusun rundunar sojan ruwa aka karkato shi, sai ga shi a yaƙin 1894 zuwa 1895 Japan ta ragargaza jiragen yaƙin Chaina. Masana tarihi suna jayayya kan yawan kuɗin, amma ɗan Najeriya dai ba sai an yi masa dogon bayani kan kuɗin tsaro da ya koma gidan hutu ba. Ba a shiga cikin jirgin, hoto daga waje kawai, minti biyar ya isa.

A nan za ka yanke shawara

Kusa da jirgin dutsen akwai tashar jiragen ruwa masu kan dodo da ke tsallakar da mutane zuwa wajen tsibirin kudu, ana biya daban, ba ya cikin tikiti. In akwai tsoho a tare da kai, ko yara, ko ƙafa ta fara magana, ku hau, ga hutu ga kallon tudun daga kan ruwa.

In kuma da sauran ƙarfi kuma ba ka sauri, to ka bi hanyar yamma, siririyar hanya ce da aka cike a tsakiyar ruwa, an kwaikwayo ta daga tafkin yamma na birnin Hangzhou, da gadoji shida a kanta. A cikinsu akwai wata fara mai ƙusumbi sosai, an ɗaga ta haka ne don jirgin sarki ya wuce ta ƙarƙashi. Masu tuta ba sa zuwa nan, ba su da lokaci. Sai kai da bishiyoyi masu rassa har ruwa, da tsofaffi 'yan unguwa masu motsa jiki, da agwagi. Za ta ci maka fiye da awa ɗaya kafin ka zagayo ta kudu ka dawo gaɓar gabas, kuma ba shaguna sosai a hanya, shi ya sa na ce ka riƙe ruwa da dabino. Amma nan ne iskar da aka gina wurin dominta take. In azahar ta riske ka, a wannan ɓangaren ne ya fi sauƙi ka sami gefe mai natsuwa, nesa da hanyar mutane, ka yi sallarka a taƙaice ba tare da tara jama'a ba, wasu kuma sun fi son su haɗa da la'asar a masauki tunda matafiya ne. Ka tuna fa alƙibla a Beijing yamma take, ba gabas ba kamar gida, na ga wanda ya saba ya juya gabas abinsa ya kabbara. Ka duba manhajar alƙibla kafin ka shimfiɗa darduma.

Gada mai baka 17

Ko ta ruwa ka zo ko ta ƙasa, a nan za ku haɗu. Gadar ta haɗa tsibirin da gaɓar gabas, tsawonta mita 150, bakunanta 17, ta tsakiya ita ce ta tara ko ta wane gefe ka ƙirgo, tara kuwa lambar sarauta ce a wajensu. A kan ginshiƙan gefe akwai zakuna na dutse 544, manya da 'ya'yansu, wani yana hawa bayan uwa wani yana leƙe, yara suna son ƙirga su. Wajen 21 da 22 ga Disamba, dab da faɗuwar rana, haske yakan ratsa bakunan duka su yi ja kamar an kunna wuta a ciki, masu kyamara kuwa tun da rana suke kama wuri cikin wannan sanyin.

Da ka sauka a gaɓar gabas za ka ga saniyar tagulla kwance tana kallon ruwa, tun 1755 take nan, an ajiye ta ne bisa imaninsu cewa tana danne ambaliya. A wannan filin za ka iya cin karo da tsofaffi riƙe da ƙaton alƙalami mai soso a baki, suna tsoma shi a ruwa suna rubutu a kan daɓe, kafin su kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Kada ka taka musu, ka zagaya.

Wani abu da ya kamata in gaya maka tun yanzu: za a kalle ka, wasu za su ce ku yi hoto, musamman waɗanda suka zo daga ƙauyuka ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Yawanci ba da mugunta ba ne. In ka ga dama ka yi, in ba ka so ka ɗaga hannu ka girgiza kai da murmushi ka wuce. Wanda kuma ya tare ka a waje da Turanci mai kyau yana cewa zai kai ka shan shayi ko kallon zane-zane, ka ce masa na gode ka yi gaba.

Fadar kanta, a ƙarshe

Ka bi gaɓar gabas ka yi arewa, ruwa na hagunka, hasumiyar na gabanka, nan ne ma hoto ya fi kyau. Zuwa lokacin da za ka iso ɓangaren fada ayarin safe sun ragu. Abu huɗu ne a nan, kuma ba daidai suke a wajena ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Yulantang, gidan sarki Guangxu a bakin ruwa. Ɗan ƙanwar Cixi ne, ita ta ɗora shi kan mulki yana ɗan yaro. A 1898 ya yi yunƙurin kawo sauye-sauye a harkar ilimi da mulki, abin bai wuce kwana ɗari da 'yan kai ba ta murƙushe shi, ta tsare shi. Ka leƙa ɗakunan da ke gefe biyu na tsakar gidan, za ka ga bangon bulo a bayan tagogi, an gina shi ne don toshe masa hanyar fita. Sarki ne da sunansa, ga tafki a gabansa, amma ko ƙofar gefe ba shi da ikon bi. Ya rasu a Nuwamban 1908, ita kuma ta bi shi washegari, a 1912 daular ma ta faɗi.

Kusa da shi akwai Leshoutang, gidan ita Cixi ɗin, da wani ƙaton dutse a tsakar gida da bishiyoyi masu farin fure a ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Ta gilashi ake leƙa ɗakunan, ba a shiga. Sai Deheyuan, gidan wasan kwaikwayonta, dandamali hawa uku mai tsawon mita 21, da ƙofofi a rufi da ƙasa ta inda ake zuro 'yan wasa da igiya ko a fito da su daga ƙarƙashi, ita kuma tana zaune a ɗakin da ke fuskantarsa tana kallo. Tikitin haɗakarka zai shigar da kai, kuma ya cancanci rabin awa. Na ƙarshe zauren Renshou inda ake zaman fada da karɓar baƙi, da wata dabbar tagulla mai ƙaho da ɓawon kifi a gabansa. Shi kam leƙawa ɗaya ta isa.

In har yanzu ƙafarka ba ta yi yaji ba, akwai ɗan ƙaramin lambu a kusurwar arewa maso gabas, Xiequyuan, kududdufi ne da rumfuna kewaye da shi, an kwaikwayo shi daga wani lambu na birnin Wuxi. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce daga fada. Wurin zama ne a huta, ba wurin yawo ba.

Fita da abinci

Ka fita ta ƙofar gabas, ka taka kamar minti goma sha biyar zuwa tashar Xiyuan, layi na 4 ɗin nan dai da ya kawo ka, ko ka kira mota ta manhajar Didi. Direbobin da ke tare mutane a bakin ƙofa suna faɗin farashi da baki ka ƙyale su.

Abincin da ake sayarwa a ciki, tsiran nama na roba da taliyar kofi da sauransu, ka bar shi in ba ka tabbatar ba, naman alade ya yi yawa a girkinsu kuma ko miyar da ba ka ga nama a ciki ba tana iya zama da romonsa. Abin da za ka nema a waje shi ne alamar 清真, ana karanta ta "cinjan", ita ce halal ɗinsu, yawanci a kan koren allo, wani lokaci da rubutun Larabci a gefe. Ka ajiye hoton alamar a waya. Shagunan taliyar Lanzhou da naman sa suna ko'ina a Beijing kuma yawancinsu Musulmi ne ke riƙe da su, kwano ɗaya da romo mai zafi da yaji zai dawo maka da ranka. In kana son ka ci ka more kuma, ka nufi unguwar Niujie da ke kudu maso yammacin tsakiyar birni, unguwar Musulmi ce mai tsohon masallacin da tarihinsa ke komawa shekarar 996, layi guda na gasasshen naman rago da kayan zaƙi. Daga Xiyuan layi na 4 zai sauke ka a Caishikou, daga nan sai ka ƙarasa da ƙafa.